Alkawarin Bakin Zobe

Mai karatu, ka yi mani haƙuri in yau na kauce wa zancen littattafai na kawo maka labarin cikin gidana. Na daɗe ina juya shi a raina, in ɗauki biro in aje, domin akwai wurin da ba ya yi wa magidanci daɗin faɗa a cikinsa. Amma tunda Hajiya da kanta ta ce in rubuta, ba ni da sauran mafaka.

Ni mutumin Batsari ne, can yammacin jihar Katsina, ƙasar Sarkin Ruma. Uwargidana kuwa 'yar Safana ce, ƙasar Yariman Katsina. Koyarwa na yi har na aje aiki, kuma a wajenmu idan ka ce wa mutum za ka tafi hutu wata ƙasa, sai ya dube ka ya tambaye ka wane aiki ka yi da har ka gaji haka. Hutun da muka sani shi ne na bayan an kai amfanin gona gida, mutum ya shimfiɗa tabarma a gindin bedi yana sauraren rediyo. Duk da haka, a watan Agusta na 2025 ni da Hajiya mun kwana 5 a tsibirin Zanzibar, cikin Tekun Indiya. Kafin ka gane abin da ya kai mu, sai mun koma 1990.

A shekarar nan aurenmu ya cika shekara guda, lokacin da amarya ke zuwa ganin gida ya yi. Ina da wata Vespa ruwan toka da nake ji da ita kamar ƙwai. Maimakon in sa amarya a motar kasuwa tare da wata tsohuwa kamar yadda aka saba, sai na ce ni zan kai ta da kaina. Tsofaffin gidanmu suka yi ta salati, wai boko ya gama da yaron nan. Ban saurare su ba. Da sanyin safiya, ƙarshen damina, na goya ta muka kama hanya.

Wanda bai san dajin Rugu a wancan zamani ba, da wuya ya gane abin da muka rasa. Daji ne da ya miƙe ta bayan Batsari da Safana da Ɗanmusa har ya haɗe da ƙasar Zamfara, cike da marke da ƙirya da kanya da taura, ga duwatsu manya-manya kamar an jera su da hannu. Muka tsaya a gefensa muka hau wani falalen dutse, muka tsinki ɗinya muna sha. Wata Bafulatana ta biyo da ƙwaryarta, ta dama mana fura, da ta ji amarya ce sai ta ƙi karɓar ko kwabo. Muka ratsa Runka muka gaida gwaggon amarya, ba mu isa Safana ba sai bayan Azahar.

Da muka kwana 2, sai na ce bari in ƙara mata da Dutsin-Ma, ta ga madatsar ruwa ta Zobe wadda aka gina a kan kogin Karaduwa, aka kammala a 1983. Yarinyar da ba ta taɓa ganin ruwan da ya wuce na tafkin garinsu ba, ta tsaya ta riƙe baki. Can ta ce, "Malam, wannan shi ne tekun da ake faɗa?"

Na yi dariya har da riƙe ciki, domin labarin ƙasa nake koyarwa. Na ce, "Wannan ai kududdufi ne in aka gwada shi da teku. In Allah ya ja da kwana, sai na kai ki kin ga na gaske da idonki."

Ta ce, "Allah ya kai mu. Na riƙe."

Ta kuwa riƙe. 'Ya'ya suka zo, albashi ya riƙa ƙarewa kafin wata ya raba, alkawari ya koma abin tsokana. Duk sanda muka saɓa sai ta ce, "Mutumin da har yau ina bin shi bashin teku." Ko da Allah ya nufe ta da sauke farali, ta hango Bahar Maliya ta tagar jirgi a Jidda, da ta dawo cewa ta yi wannan ba ya cikin lissafi, tunda ba ni na kai ta ba.

Sai duniya ta juya mana baya. Abin ya faro da satar shanu, ya koma satar mutane. Dajin da muka sha ɗinya a gefensa ya zama sunan da ake rage murya kafin a ambata. A watan Mayu na 2019 aka kashe manoma 18 a 'Yargamji. Gwamna Aminu Bello Masari ya yi sulhu da mutanen daji a cikin shekarar, muka ɗan numfasa, sulhun bai je ko'ina ba. A watan Fabrairu na 2020 aka kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar. Makarantun cikin Batsari suka cika da mata da yara 'yan gudun hijira. Gidanmu a bakin gari yake, kuma wani dare muka ji ƙugin babura ta bayan katanga. Muka kwashi yara muka lafe a bayan rumbu har gari ya waye. Ba gidanmu suka nufa ba, amma tun daga daren nan barcin Hajiya ya tafi. Da hijabi take kwana, takalmanta a gefen filo, ko ƙadangare ya motsa a kan kwano sai ta zabura.

Muka tattara muka koma birnin Katsina, ɗaki 2 na haya. A can muke a watan Satumba na 2021 lokacin da aka toshe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Batsari da Safana, ba a buɗe ba sai Disamba. A cikin watannin nan mahaifiyar Hajiya ta rasu a Safana. Wani direba ne ya kawo mana labari, kwana guda bayan an kai ta makwancinta. Allah ya jiƙanta. Hajiya ba ta yi kukan kirki ba, shiru kawai ta ƙara yi.

To ga wurin da na ce ba ya da daɗin faɗa. Ina da gona a wajen gari, wadda na gada na ƙara da saye. Shekara 5 ba a sa mata fartanya ba. A farkon 2025 aka yi zaman sulhu a Batsari, daga baya Jibiya da Safana da wasu wurare suka bi, mutane suka fara leƙa gonakinsu, ƙasa ta fara daraja. Wani ɗan kasuwa ya taya gonar. Ni kuwa na ga abin da ya faru da sulhun 2019, na ce gara in sayar tun tana da mai so. Na karɓi kafin alƙalami, muka aje sai bayan kaka a cika a yi takarda. Ban faɗa wa Hajiya ba. Kullum sai in ce gobe, goben ta ƙi zuwa.

Ana cikin haka babban ɗanmu, wanda aiki ya kai shi Darussalam ta ƙasar Tanzaniya, matarsa ta haihu. Ya aiko da tikiti, muka tashi daga Kano ta Addis Ababa. Bayan an sha suna da kwana biyu, sai ya miƙo mani wata takarda yana murmushi, ya ce, "Baba, tun muna yara muke jin Inna na bin ka bashi. Ga shi ka je ka biya." Tikitin jirgin ruwa ne da kuɗin masauki, mu biyu kaɗai.

Tafiyar kamar awa 2 ce daga Darussalam. Hajiya ta shiga jirgin da addu'a, ta riƙe carbi da hannu ɗaya, ɗayan kuma ta damƙe hannun rigata. Da ƙasa ta ɓace, ba abin da ake gani gabas da yamma sai ruwa shuɗi yana tashi yana kwanciya, na ce, "To Hajiya, ga teku. Na fita?" Ba ta ko dube ni ba ta ce, "Bari mu sauka tukuna." Da muka sauka sai da aka duba fasfo ɗinmu, duk da ƙasa ɗaya ce, domin Zanzibar ta haɗe da Tanganyika ne a 1964 aka sami Tanzaniya, amma ta riƙe shugabanta da majalisarta.

Abin da ya fara ba mu mamaki shi ne rashin baƙunta. Tsohon garin, wanda ake kira Stone Town, lunguna ne matsattsu kamar na cikin birnin Katsina, sai dai benaye ne na dutsen teku, da ƙofofin katako masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla. Kusan kowane gida da dakalinsa, dattawa na zaune da farar riga da hula suna shan gahawa. Mafi yawan mutanen Musulmi ne, kiran salla ta ko'ina. Harshensu na Suwahili kuma ya sha Larabci kamar namu: labari su ce habari, duniya dunia, alƙalami kalamu, Alhamis kuwa Alhamisi. Hajiya ta ce, "Malam, mutanen nan fa Hausarsu ce ta karye."

Da magariba muka je Forodhani, wani fili a bakin ruwa inda ake kasa abinci da dare. Ga kifi iri-iri, ga ruwan rake da citta da lemun tsami, ga wata halittar ruwa mai hannuwa 8 an gasa ta, wadda Hajiya ta ce ko da kuɗi aka haɗa ta ba ta ci. Can ta hango abin da ta sani: rogo, an gasa an barbaɗe da yaji da gishiri. Su muhogo suke ce mashi. Ta saya ta ɓantara, ta tauna a hankali, ta ce, "Ba laifi. Amma bai kai na gonarmu gari ba." Ka san Batsari da rogo. Maganar ta soke ni, na yi kamar ruwan rake ne ya sarƙe ni.

Daren farko, wajen ƙarfe 2, wani ya ratso lungun masaukinmu a kan babur. Kafin in buɗe ido Hajiya ta riga ta miƙe tsaye, hijabi a jiki, takalmi a hannu, tana laluben yaran da ba su nan. Na kama ta na zaunar. Na leƙa ta taga, sai ga wani saurayi yana jingine Vespa, irin tawa ta da sak, yana waƙe-waƙensa. Na ce, "Hajiya, Zanzibar muke." Ta ce, "Na sani." Amma a zaune ta kai Asuba.

Washegari mai yi mana jagora ya kai mu inda kasuwar bayi take a da. Tun da Sarkin Oman, Sayyid Sa'id, ya maido da fadarsa nan a wajajen 1840, arzikin tsibirin ya dogara ne a kan kanumfari da hauren giwa da bayi, har 1873 da Sultan Barghash ya rufe kasuwar bisa matsin Ingila. Yanzu coci ne a wurin. Aka sauka da mu wasu ɗakuna na ƙarƙashin ƙasa, masu duhu da ƙarancin iska, inda mutum ba ya iya miƙewa sosai. Jagoran yana ta bayani da Turanci ina fassara mata, yadda ake tsare mutum har a sami mai biya. Turawan da ke tare da mu suna girgiza kai suna ɗaukar hoto. Hajiya ta ce a hankali, "Ka tambaye shi, su nan an daina ko?" Na ce an daina fiye da shekara 150. Ta ce, "Allah ya nuna mana." Na san maƙwabcinmu na gona take tunawa, wanda sai da aka sayar da shanun noma da buhunan gero kafin a karɓo shi.

Kwana na 3 ya fi sauƙi. Muka shiga kwalekwale mai inji zuwa wani ɗan tsibiri, Changuu, inda aka gina kurkuku a 1893 amma ba a taɓa tsare fursuna a ciki ba, sai aka maida shi wurin killace masu cuta. Kunkurai ne a wurin, kowane ya kai turmi babba, asalinsu kyauta ce daga tsibiran Seychelles a 1919, an rubuta wa wasu shekarunsu a baya. Hajiya ta miƙa wa wani ganye, ya miƙo wuya a hankali kamar mai jin nauyi, ta yi dariyar da na manta rabon da in ji irinta. Da yamma aka kai mu gonar kayan ƙamshi. Shekara da shekaru tana sayen kanumfari a ƙulle a leda, ranar ta san ashe tohon fure ne na wata doguwar bishiya, ana tsinke shi kafin ya buɗe a shanya a tabarma. Ta ga kirfa ɓawon itace ne, masoro kuma yaɗo yake yi. Ta cika jaka da tsaraba.

Kwana 2 na ƙarshe muka yi su a Jambiani, wani ƙauyen masunta a gabashin tsibirin. Rairayi fari tas kamar garin rogo, itatuwan kwakwa, iska mai sanyi. A nan teku ke yin abin da na shekara ina koya wa yara a allo ban taɓa gani ba: sau 2 a yini yana janyewa can nesa, ya bar fili, sannan ya dawo. Da ya janye sai muka ga mata sun fito da buhuna, sun shiga suna duƙe-duƙe a tsakanin turaku da igiyoyi. Yaron masaukin ya ce ciyawar teku suke nomawa, su shanya a sayar a kai waje, kuma ɗumamar ruwa tana yawan kashe masu ita, amma ba su fasa ɗaurawa. Hajiya ta tattare zane ta bi su. Ba ta jin yarensu, ba su jin nata, amma na hango ta an ba ta igiya tana ɗaura. Da ta dawo ƙafafu duk rairayi ta ce, "Malam, ka ga ikon Allah. Kullum sai ruwa ya ƙwace masu gona, kullum sai sun jira ya ba su."

A daren nan ne abin ya faru. Bayan Isha'i ta ninke hijabinta ta aje a kan kujera, ta kwanta. Ba ƙarar komai sai ta igiyar ruwa. Can na ji numfashinta ya canza, har da ɗan minshari. Wallahi mai karatu, kasa barci na yi. Na zauna a bakin gado ina saurare kamar wanda aka ba gadi. Aka kira Asuba ba ta motsa ba. Sai da na taɓa ƙafarta sau 3. Rabon da in tashe ta salla tun muna Batsari.

Da hantsi muna zaune a inuwa muna shan shayi, ruwa ya janye, ba tare da ta dube ni ba ta ce, "Malam, nawa ya ba ka?"

Na ce, "Wa?"

Ta ce, "Mai sayen gonar."

Kofin ya kusa suɓuce mani. Ashe tun bayan Babbar Salla ta sani. Matar mutumin ce ta tare ta a wajen wani biki tana yi mata godiya, wai Allah ya sa alheri. Wata 2 tana jira in buɗe baki da kaina.

Na shiga kawo hujjoji, kuma har yau ban ce hujjojin banza ba ne. Na tuna mata sulhun 2019 da yadda ya ƙare. Na ce ƙarfina ya tafi, yara duk sun watse, kuɗin haya na cin fansho, kuma ba zan iya ganin an ɗauke ɗayanmu a kan rogo ba. Ta bar ni sai da na gama.

Ta ce, "Lissafi naka ne, kai ne malami, ban ce ka yi kuskure ba. Amma mangwaron nan 12 da ke gonar ni na dasa su, da tulu na yi masu ban-ruwa ina goye da wannan yaron da ya kawo mu nan. Ko akuya ce ai ka ce mani za ka kai ta kasuwa." Ta yi shiru, sannan ta ce, "Shekara 5 na ɗauka barci ya bar ni ke nan har kabari. Jiya na gane yana nan. To ina so in gwada shi a ɗakina kafin in mutu. In ka sayar da gona, gida zai bi, na san ka."

Ban sami abin cewa ba. Mutumin da ya goya ta a Vespa bai ji tsoron bakin tsofaffi ba, shi ne yau ya yanke mata hukunci a ɓoye don yana tsoron fuskarta. Na ce ta yafe mani. Na kuma faɗa mata sauran gaskiyar, cewa rabin kuɗin ya riga ya tafi a haya. Ta kai hannu ta taɓa 'yan kunnen zinarin da ta sawo a Makka, ta ce, "Waɗannan sun isa?" Na ce ba zan karɓa ba. Ta ce, "Ba kai na ba, gonata na fansa."

Da muka dawo Katsina na sami mutumin na ba shi haƙuri. Bai ji daɗi ba, amma ɗan halak ne, ya karɓi kuɗinsa. Wata Alhamis a cikin Satumba, ranar kasuwar Batsari, muka shiga mota mu biyu. Kasuwa ta cika fiye da yadda na zata, har da fuskokin da aka daɗe ba a gani ba, kowa na ciniki yana satar kallon ɗan'uwansa. Muka ɗauki ɗan acaɓa zuwa gona, Hajiya da kanta ta hau ba gardama. Sabara da geza sun cinye ta. Cikin mangwaro 12, guda 9 na tsaye, sauran an sare. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana dafawa. A gida kuma kwano ya yaye ta gefe guda, gara ta ci ƙofar ɗakinta. Ta share ɗakin duk da haka, ta aje wani ɗan kwalba da ta ciko da farin rairayin Jambiani a kan taga. Kafin La'asar muka kamo hanya, domin ni dai har yanzu zuciyata ba ta ba ni kwana ba, ita ma ba ta matsa ba.

A mota na ce mata, "Yanzu dai bashin teku ya fita ko?"

Ta ce, "Ya fita. Saura na kwana ɗaya a Batsari."

Na ce, "In Allah ya ja da kwana."

Ta ce, "Na riƙe."

Mai karatu, ka san halinta in ta riƙe abu. Ka taya mu addu'a. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya maido da na hannun mutane gida, ya ba matan Batsari da Safana da Jibiya da Ɗanmusa barcin da za a tashe su salla. Amin summa amin.